Ƙwallon ƴan makaranta a Garagumsa: Idan ekip ta sha kashi, laifin wane ne?

A ƙaramar hukumar Garagumsa, kamar yadda yake a sauran sassan jihar Damagaram, da wuya a sami hirar da ke ɗaukar zafi a fadar samari irin wadda ake yi a daren da ekip ɗin kolej ko ta lise ta dawo gida an lallasa ta. Tun kafin shayin farko ya tafasa an riga an yanke hukunci, an kuma sami wanda za a rataya wa jakar tsaba. Wannan ya ce gola ne ya ba da su, wancan ya ce mai lamba 9 ne ya yi ta zubar da ƙwallaye, wani kuma ya rantse da cewa malamin wasanni bai san aikinsa ba, tunda ya ajiye ɗan wane a benci ya sa ɗan wane. Idan abin ya yi tsami har akan kai ga zargin alƙalin wasa da karɓar na goro, ko a ce abokan karawa sun binne wani abu a bakin raga.

Da a ce hirar a fada take tsayawa, da ba mu ɗauki alƙalami a kanta ba. To amma waɗannan da ake yanke wa hukunci yara ne ƴan shekara 14 zuwa 18, kuma wanda aka kira sunansa da dare, da safe zai shiga aji ya tarar an laƙaba masa wani sabon suna. Da yawa daga cikinsu daga ranar suke rataye takalmi, wasu har zuwa makarantar ma yakan fita daga ransu na ɗan lokaci. Akwai kuma zumuncin ƙauyuka biyu da kan yi sanyi saboda an ce ɗan wancan gari ne ya sayar da wasa. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna da masu karatu mu duba wannan al'amari a tsanake: ta yaya ake gane wanda ya yi aikinsa a fili da wanda bai yi ba?

Idon kokowa a filin ƙwallo

Mu mutanen wannan ƙasa da kokowa muka tashi. Tun daga shekarar 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, babu wasan da ke tsayar da kasuwa da ofis kamarta, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Langa-Langa a Damagaram, ko ya saurari karawar Balla Haruna a radiyo, ya san yadda hukuncinta yake da sauƙi. Mutum biyu ne a tsakiyar fili, ɗaya ya kai ƙasa, ɗaya ya tsaya. Wanda ya faɗi shi ya faɗi, ba ya da wanda zai nuna da yatsa.

Matsalar ita ce da wannan idon muke zuwa kallon ƙwallo, alhali kuwa a nan mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, a cikin filin da idan cikakke ne yakan kai mita 105 a tsawo da mita 68 a faɗi. Ɗan kallo ƙwallo yake bi da ido. Kamarar talabijin a gidan kallo ita ma ƙwallo take bi, haka kuma mai kawo wasa a radiyo, sunan wanda ƙwallo ke ƙafarsa yake kira. Amma a cikin minti 90 na wasa, lokacin da kowane ɗan wasa ke riƙe da ƙwallo a ƙafarsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ƴan mintoci ne da ba su taka kara sun karya ba. Duk sauran lokacin gudu yake yi, yana rufe hanya, yana jan abokin karawa zuwa gefe don ya buɗe wa ɗan'uwansa. Wannan aikin shi ne mafi yawa a wasan, shi ne kuma wanda ba a gani.

Shi ya sa idan aka ci, mai lamba 9 ake ɗauka a kafaɗa, idan kuma aka sha kashi, gola ake zagi. Su biyun ne ƙwallo ta taɓa a ƙarshe. Mai lamba 6 da ya yini yana ƙwato ƙwallo a tsakiya, da masu tsaron baya da suka sha hannu da gwiwa, babu mai tuna su sai ranar da suka yi kuskure. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutum biyar da ba a kiran sunansu

Wannan rashin adalci ba a nan kaɗai yake ba. A ƙasar Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, duk da cewa da hannu aka fi yin sa, da wata ƙwallo mai siffar ƙwai, ƴan wasan kuma sanye da hular kwano. A can ekip ɗin jami'o'i ne ke cika filaye, har filin jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum sama da 100,000. A cikin ƴan wasa goma sha ɗaya masu kai hari akwai ƙarti biyar, galibi kowannensu ya haura kilo 130, waɗanda ke jeruwa a gaba kafaɗa da kafaɗa. Aikinsu shi ne su zama katanga, su tare abokan karawa na daƙiƙa biyu zuwa uku, domin mai jifan ƙwallo da ke bayansu ya sami sukunin jifa, ko su tsaga hanya mai gudu ya wuce. Dokar wasan ta hana a jefa masu ƙwallo su cafe kamar sauran, don haka mutum zai iya shekara huɗu a jami'a bai ci maki ko ɗaya ba.

Lokacin da ɗan kallo ke jin lambar ɗayansu shi ne idan ya karya doka, alƙalin wasa ya sanar da ita ta lasifika kowa ya ji. Idan ekip ta fara faɗuwa, su ne na farko da magoya baya ke tsinewa, ko da kuwa mai jifan ne ya riƙe ƙwallo fiye da ƙima, ko masu karɓa ne suka kasa kuɓuce wa masu tsaronsu. Babbar kyautar ƴan wasan jami'a ta ƙasar, wadda ake kira Heisman, tun shekarar 1935 ake ba da ita, kuma babu ɗaya daga cikin masu wannan aiki na katanga da ya taɓa ɗaukar ta. Sai a shekarar 2015 aka ƙirƙiro wata kyauta mai sunan Joe Moore, wadda ake bai wa su biyar ɗin a dunƙule, domin masana wasan sun fahimci cewa ba a iya auna ɗayansu ba tare da sauran huɗun ba. Masu horarwa kuwa ba sa yanke hukunci ranar wasa, sai sun zauna sun kalli hoton wasan, sun bi kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya: wa aka ce ka tare, ka kuma tare shi?

A namu wasan ma akwai misali sananne. A shekarar 2003 ƙungiyar Real Madrid ta ɗauki kofin Sifaniya, sannan ta sayar da Claude Makelele ga Chelsea, mutumin da ba ya cin ƙwallo, sai dai ya ƙwato ta ya miƙa wa su Zidan. Taurari duk suna nan, an ma ƙaro Bekam, amma Madrid ba ta sake ɗaukar kofin ba sai a 2007.

Darasin Mena

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 10 ga Oktoban 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, Mena ta doke Masar da ci ɗaya da nema, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. A wannan zagayen neman shiga gasar 2012, Mena ta ci dukkan wasanninta uku na gida: Masar 1 da 0, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. A waje kuwa ta faɗi dukkan ukun, ba tare da ta jefa ko da ƙwallo ɗaya ba. Ƙwallo 6 a gida, babu ko ɗaya a waje. Shin masu kai harin ne suke mance ƙwallo idan suka hau jirgi? Ko kuwa a waje ekip ɗin gaba ɗaya take komawa baya ta tsare gida, a bar na gaba shi kaɗai yana jiran ƙwallon da ba za ta zo ba?

Haka dai muka samu shiga gasar kofin Afirka karo na farko, hukumar ƙwallo ta Afirka kuma ta zaɓi Haruna Dula a matsayin gwarzon mai horarwa na shekarar 2011. Ba a yi wata biyu ba, Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko a Libarbil, nan take aka janye ragamar daga hannunsa aka damƙa wa Bafaranshe Rolland Courbis. Sauya mai horarwa bai hana Tunisiya cin mu 2 da 1 ba, bai kuma hana Maroko cin mu 1 da 0 ba.

A shekarar 2013, a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Gernot Rohr, Mena ta riƙe Mali har saura minti shida a tashi, sai gola Kasali Dauda ya fito tarar wata ƙwallo da aka kwaso daga gefe ta kuɓuce masa, Seydu Keita ya tura ta raga. A wannan daren babu irin maganar da ba a faɗa a kan Kasali ba. Kwana huɗu bayan haka, shi ɗin dai ne ya tsaya tsayin daka a gaban su Mbokani na Kwango, aka tashi babu ci, Nijar ta sami makinta na farko a tarihin gasar. Gola ɗaya, hannu ɗaya, kwana huɗu tsakani.

Ga abin da hayaniya ta hana mutane lura da shi. A cikin wasanni 6 da Mena ta buga a gasar 2012 da 2013, ƙwallo ɗaya tak ta jefa, wadda William Ngunu ya ci Tunisiya. Ekip ɗin da ba ta jefa ƙwallo, kuskure ɗaya na golanta ya isa ya kashe ta. Sannan wasanni uku daga ciki, na Tunisiya da na Maroko da na Mali, duk a cikin minti 15 na ƙarshe aka jefa ƙwallon da ta kayar da mu. Wannan alama ce ta mutanen da suka yini suna bin ƙwallo a ƙafar wasu har ƙarfinsu ya ƙare. Ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuwa Haruna Dula da aka ture a 2012, shi ne ya jagoranci ƴan wasanmu na cikin gida zuwa gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, inda suka buga wasa uku da Kwango da Kamaru da Gana ba a jefa masu ƙwallo ko ɗaya ba, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta ci su 5 da 0 a nan, suka ƙare a matsayi na huɗu. Masu tsaron bayan da suka kai su wannan matsayi, mutum nawa ne a fadarmu zai iya kawo sunayensu a yau?

Abin da yaranmu ke ɗauke da shi zuwa fili

Mu dawo gida. Daga Takeita zuwa birnin Damagaram tafiyar kimanin kilomita 50 ce a kan babbar hanyar ƙasa, kuma tun 2011 Takeita ta zama gunduma mai cin gashin kanta. To amma tazarar da ke tsakanin ɗan kolej na ƙauyukan Garagumsa da takwaransa na birni, wanda ke ganin atisayen ƙungiyoyi irin su Espoir da ta zama zakaran ƙasa a 1984, ta wuce wannan.

Yaronmu a kan rairayi ya koyi ƙwallo. A rairayi ƙwallo ba ta gudu, don haka ya saba da ɗaga ta sama da kuma riƙe ta a ƙafa. Ranar da aka kai shi fili mai tauri da faɗi, ƙwallo za ta riƙa wuce shi, tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuma ta ninka wadda ya saba. Golanmu a ragar da aka yi da itace biyu ko tarin takalma ya koyi tsaro, sai ga shi a gaban raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44. Satar gida kuwa, a wasan unguwa wa ke busa ta? Alhali masu tsaron baya huɗu ba za su iya kama abokan karawa da ita ba sai sun daɗe suna wasa tare, sun san wanda ke ba da umarnin a matso gaba.

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ɗaliban nan daga ƙauye suke takowa da ƙafa ko a keke kowace safiya, wasu kuma a gidan mai masauki suke zaune, abincin rana sai abin da Allah ya hore. Da damina gona ce ke jiransu. Idan gasa ta faɗo a watan Afrilu ko Mayu, ga zafi ga shirin jarrabawa. Sau da yawa ekip ɗin ma sai ana saura ƴan kwanaki ake haɗa ta, malamin wasanni guda ɗaya, da ƙwallo ɗaya ko biyu, ga ɗaruruwan ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka ɗora a bayan mota a cikin rana, ya sauka ya shiga fili da ƙoƙon fura a cikinsa, idan ƙafarsa ta yi nauyi a minti na 70 har wani ya wuce shi, wa ya kamata a tambaya?

Yadda za mu auna kafin mu yi magana

Ba muna cewa ɗan wasa ba ya kuskure ba ne, ko kuma kada a gaya masa gaskiya. Akwai yaro mai son kai da ba ya miƙa ƙwallo, akwai malalacin da ba ya dawowa taimakon baya, kuma ɓoye masu hakan cutar da su ne. Abin da muke so shi ne a kama mai laifin gaskiya. Ga wasu hanyoyi da ba sa bukatar kamara ko kwamfuta, littafi da biro sun isa.

Da farko, duk ƙwallon da aka jefa mana, a koma baya taku uku. Wa ya zubar da ita, kuma a wane wuri? Wa ya kamata ya tare wanda ya kwaso ta daga gefe? Wa ya bar mutuminsa ya yi tsalle shi kaɗai? Galibi za a tarar kafin ta iso ga gola, mutum biyu ko uku sun riga sun bar aikinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, kafin a ce mai lamba 9 bai ci ba, a ƙirga sau nawa ƙwallo ta same shi a kusa da ragar abokan karawa yana fuskantar ta. Idan sau biyu ne a duk wasan, to ba a nan gizo ke saƙa ba, a duba tsakiya. Idan kuwa sau takwas ne ya zubar, to a kira shi a yi masa magana, a kuma ƙara masa atisaye.

Na uku, a rubuta mintin da ake jefa mana ƙwallo. Idan a farkon wasa ne, akwai tsoro ko rashin shiri. Idan a ƙarshe ne, magana ce ta ƙarfin jiki da abinci da ruwan sha, wannan kuwa ya fi ƙarfin yaro. Idan daga bugun kwana ne kullum, to ba a raba wa kowa mutumin da zai tsare ba, wannan aikin malami ne.

Na huɗu, ɗan kallo ya gwada ɗauke ido daga ƙwallo na minti goma, ya zaɓi yaro ɗaya na baya ko na tsakiya ya bi shi da kallo. Yana waiwaye? Yana magana da ƴan'uwansa? Idan na kusa da shi ya tafi gaba, yana rufe gurbinsa? Duk wanda ya yi wannan sau ɗaya, hirarsa ta fada za ta sauya.

Na biyar, a tambayi malami abin da ya umarci yaro ya yi. Sau da yawa wanda ake zagi don bai haura gaba ba, cewa aka yi ya tsaya. Wanda ya bi umarni aka sha kashi, ba shi ne abin tuhuma ba.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga malaman wasanni, muna roƙon ku bar masu tsaron baya su daɗe tare, kada a riƙa wargaza su duk ranar da aka faɗi. Ga masu shirya gasar makarantu da ta babban hutu, idan za a ba da kyautar wanda ya fi jefa ƙwallo, me zai hana a ware ko da rigar wasa ce ga masu tsaron bayan da aka fi kasa ci, a ba su ita a dunƙule? Ga hukumar gari da ƴan kasuwa da ƴaƴan Garagumsa mazauna Yamai da Kano da sauran wurare, ƙwallaye biyar, da raga mai cikakken awo, da abincin yara ranar tafiya, kuɗinsu bai kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba.

Ga manyan fada kuwa, ku tuna da Barbosa, golan Barazil da Urugwai ta ci 2 da 1 a wasan da ya raba gardamar kofin duniya na 1950. Mutumin nan ya rayu shekara 50 bayan wasan, har ya rasu a shekarar 2000 ƴan ƙasarsa ba su daina nuna shi da yatsa ba, kamar shi kaɗai ne a fili ranar. Wannan babban mutum ke nan da ya san duniya, ina ga yaro ɗan aji uku na kolej wanda gobe da safe zai wuce ta gaban fadarku da jakar littattafansa?

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu tambayi abin da yaran nan suka yi mana a fili, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa abin da ya ba su kafin su shiga. Allah ya raya mana su, ya ba su sa'a a aji da kuma fili, amin.